Sauke Tankin Mota a Gida: Inda Haɗarin Yake



Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, yawancinmu muka koma shan mai kaɗan-kaɗan, lita biyar yau, uku gobe, allura kullum tana kwance a kan ja. Bakanikai sun fi ni sanin abin da ya biyo baya. A motocin injekta famfon mai a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Idan tanki ya saba zama fayau, famfon ya yi ta zafi, rariyarsa kuma ta yi ta zuƙar dattin da ya kwanta a ƙasa. Ga ruwan da kan kutsa rijiyoyin wasu gidajen mai da damina, ga man jarka na 'yan bumburutu. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a farkon 2022 ba. Kuɗin aiki ya hau, sai mai mota ya ce bari ya sauke tankin da kansa ran Asabar.

Ban zo in hana kowa ba. Amma kafin ka ɗauki sifana, ɗaga kujerar baya ka duba. Motoci da yawa, irin su Corolla da Golf, suna da ɗan murfi a nan da ake ciro famfo ta cikinsa. In famfo ne kawai matsalar, tankin ya zauna inda yake. Sauke shi sai in ya huje, ko ya yi tsatsa, ko laka da ruwa sun taru a ciki.

To, abin da nake so kowa ya tafi da shi gida shi ne: tururin fetur ke kisa, kuma tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari. Fetur na fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Afrilu. Tururin yana tashi ne idan ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar da ya gauraya da ita. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iskar ta yi kaɗan. Da zarar ka zuƙe man, iska ta shiga ta cike gurbin, haɗin ya yi daidai, saura tartsatsi. Kuma tururin ya fi iska nauyi. Ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi kamar ruwan wanki, ya gangara kwata, ya taru a ramin gareji, ya ratsa tsakar gida har ya iske uwargida tana fifita gawayi. Shi ya sa aikin nan ba na tsakar gida ba ne, ba na rufaffen gareji ba ne. Fili ake nema mai iska, nesa da murhu da janareta da mai shan taba. Da hunturu a ƙara kula, domin busasshiyar iska na sa jarkar roba da rigar nailan su tara wutar da ke tsalle in an taɓa ƙarfe.

Aikin kansa ba shi da wuya. A cire fiyus ɗin famfo, a tayar da mota har ta mutu da kanta, don matsin da ke cikin tiyo ya sauka. In ba haka ba, mai zai feso maka a ido. Sannan a cire kan batir na negatif. A zuƙe man da famfon hannu. Na san ɗabi'armu ta sa tiyo a baki, kuma duk wanda ya taɓa yi zai ce ai ba abin da ya same shi. Likitoci kuwa sun san cewa ɗan kurɓi guda da ya sarƙe mutum ya shiga huhu na iya ƙona shi ya kwantar da ƙato a asibiti. Zazzagewar ma tana da wani dalili: lita 60 ta fetur ta kusa kilo 45, kuma nauyi ne mai tangaɗi.

Kada a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, kada kuma a tokare ta da bulo, don bulo rugujewa yake yi ba sallama. A samo ƙafafun ƙarfe, a sa waigi a tayoyi. A kwance tiyon bakin tanki, da na numfashi, da soket ɗin waya, a ɗauki hotonsu da waya tukuna daga ɗan nesa, sannan a tallafe tankin da katako a sassauta maɗaurinsa a hankali. Mutum biyu ake so.

Wanki da ruwan zafi da sabulu ya isa, muddin za a bar shi ya bushe ƙarau. Inda nake da tsauri shi ne walda. A zamanin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, tankuna na ƙarfe ne, kuma daga nan muka gaji ɗabi'ar kai su wurin mai walda. Ɗauraya sau ɗaya ba ta fitar da tururin da ya maƙale a haɗin ƙarfe da cikin tsatsa, zafin walda kuma shi ke fito da shi. Yawancin motocin yanzu tankinsu na roba ne, wanda liƙin gida ba ya riƙe shi. A ganina, tankin da ya huje a nemi wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, a leƙa cikinsa da tocila kafin a biya.

Wajen mayarwa a sa sabuwar robar murfin famfo da sabuwar rariya, a canja duk tiyon da ya tsattsage. A zuba lita kaɗan, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba, a leƙa ƙasa a shinshina. Gurɓataccen man da aka fitar kuma kada a zuba shi a kwata ko masai. A rufe shi a jarka a kai wa bakanike.