Takardar Alewa Ma Kayan Karatu Ce

 

Yau maganar takardar alewa za mu yi, wadda kullum ake sharewa a kai bola. Yaro yakan shiga firamare yana ɗan shekara 6, amma ƙirga da sanin launi tun a tsakar gida ya kamata ya fara su. Kada ki ce ba ki da kuɗin kayan wasan kanti. Bayan sallah ko suna, dubi yawan takardun minti da cingam da ke zube a gidanki.

Ki tara su, ki wanke da ruwan sabulu don zaƙin da ya maƙale yana jawo kiyashi da ƙuda, ki shanya a faifai. Na cikin gida nake nufi fa, kar a tura yaro tsinto a kwata.

In sun bushe, ki zube su a tabarma, ki ce ya ware ja gefe guda, kore gefe guda. Ta Tom Tom mai ratsin baƙi da fari, ki tambaye shi ina za ta shiga, ki bar shi ya yi tunani. Daga nan sai ƙirga. Yara da yawa suna rera ɗaya zuwa goma kamar waƙa, amma ki ce su miƙo miki huɗu, sai su damƙo su kawo. Don haka ya riƙa taɓa kowace takarda da yatsa yana faɗin lambarta, har ya gane lambar da ya ƙare a kai ita ce yawansu duka. Ki fara da 3, in ya zauna sai 5. Ki ɗauke 2 ki ce, "Saura nawa?" To, lissafin ɗebewa ke nan ya soma.

Ke mai koyar da yaran maƙwabta a gida, ki zana alif ko ba da gawayi a kwali, yara su murɗa takardun su liƙa a kan zanen da ƙaro. Amma ban da sunan Allah ko aya, don kwalin nan ƙarshensa shara.

Ɗan ƙasa da shekara 3 kuwa komai baki yake kaiwa, kuma leda tana iya shaƙe shi, saboda haka da an tashi ki kwashe ki rufe a gwangwani. Kar kuma a riƙa sayo alewa don neman takarda, haƙoran yaran ne za su sha wahala.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.