Kowane Ɗaki da Masu Jinyarsa

'Yan'uwa, mu da mu ka tsufa cikin aikin jinya mun ga zamanin da ɗaki guda ya ke ɗaukar kowane irin majinyaci. A babban asibitin koyarwa, kamar na Ibadan wanda aka buɗe a 1957, ba haka ba ne. Kowane ɗaki da masu jinyarsa, kowa da iliminsa.

Na ɗakin waɗanda aka yi wa fiɗa su kan wanke rauni, su lura ko jini yana zuba. Na ɗakin bakwaini su kan tsare ɗumin jariri, gama sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi. Akwai kuma ɗakin waɗanda su ke rai kwakwai mutu kwakwai, inda mai jinya guda ta ke tsaron mutum ɗaya ko biyu tak. Asalinsa Kopenhagen ne, a 1952, sa'anda shan-inna ta hana mutane numfashi. Ɗalibai su ka yi ta matsa jakar iska da hannu, dare da rana.

Likita ya kan duba ya wuce, mai jinya ce ta ke kwana. Domin wannan, kada mu hana 'ya'yanmu wannan karatu.