Kududdufi da Ramin Kuza: Kula da Ruwan da Haƙar Ƙasa Ta Bari



Batun da aka ɗora mini a yau shi ne ruwan da yake taruwa a wuraren da aka haƙi ma'adinai, da yadda ya kamata a kula da shi bayan masu haƙa sun tashi. Wani zai ce wannan magana ta mutanen Jos ce, ina ruwan mutumin Ƙauyen Alu ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni da ita? To, ai Kano ma garin haƙa ne. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda aka fara ginin ganuwa a lokacinsa a ƙarni na 12, ƙasar da aka yi badala da soraye da ita daga rami aka ɗebo ta. Damina ta cika ramukan, muka kira su kududdufai. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da su, har ya rubuta labarin Jakara.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, rami idan ya shekara yana riƙe ruwa, ya riga ya kama aiki. Shi yake karɓar ruwan indararo da na lunguna a watan Agusta, ya riƙe shi, ya tsiyayar da shi ƙasa a hankali, rijiyoyin unguwa su samu. Wanda ya cike shi bai kori ruwan ba, masauki kawai ya hana shi.

Bari mu leƙa Filato tukuna, domin a can ne aka gwada abin da yawa. Kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, aikin ya kai ƙololuwa a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka tilasta wa dubban talakawan lardunan Arewa zuwa aikin. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, aka bar wa mutanen Jos da Bukuru da Barikin Ladi ɗaruruwan tafkuna masu zurfi da miƙaƙƙen baki, da tsibin ƙasa a gefensu. Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyaran fili bayan haƙa, aka baje wasu wurare aka dasa itatuwan turare. Amma kaɗan aka gyara, kuma ƙasar sama mai albarka ta riga ta binne a ƙarƙashin jar ƙasa. Abin mamaki, waɗanda suka fi cin moriyar wurin su ne masu lambu, da yawansu Hausawa. Suka ja ruwan tafkunan da injin ban ruwa, suka gyara ƙasar da toka da taki, suna noma tumatir da kabeji da karas da rani. Tafkin Rayfield kuwa ya zama wurin shaƙatawa. Sauran da ba su sami mai kula ba, su ne suke cin yara da shanu.

Watau dai ba cikewa kaɗai ake nufi da gyara ba. Ko Jamusawa, da suka rufe yawancin ramukan kwal na yankin Lusatiya bayan 1990, ruwa suka sakar musu da gangan suka zama tafkuna, suna zuba farar ƙasa domin kashe tsamin ruwan.

Idan an yanke shawarar barin ruwa, aikin farko a bakinsa yake. A sassaƙe gaɓar ta zama gangare mai sauƙi, yadda yaron da ya zame zai iya rarrafowa, sa'an nan a dasa jema, domin saiwarta tana riƙe ƙasa. A yi masa mashiga mai tarkon yashi da shara, a yi masa mafita wadda za ta kai rarar ruwa babbar magudana, ba cikin gidan maƙwabci ba. Kada a yarda kwatar masai ko ta marina ta zuba a ciki. Kainuwa idan ta rufe fuskar ruwa a kwashe ta, domin a ƙarƙashinta sauro yake samun mafaka, haka kuma dodon koɗin da yake ɗauke da ƙwayar tsargiya a ciyayin bakin ruwa yake zama. Tarwaɗa da karfasa suna iya rayuwa a ciki, amma sai an auna ruwan tukuna. A nan ne ramin ma'adinai ya bambanta da kududdufin tubali: ruwa yana iya yin garau alhali da guba a cikinsa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, ya isa ya hana mu yarda da shaidar ido kawai.

Idan kuwa cikewa aka zaɓa, to ita ma tana da ƙa'ida. Yadda aka saba a garin nan, a mai da kududdufi juji, leda da tsumma su cika shi, a shimfiɗa burji a sama, a yanka fulotai. Shara tana ruɓewa, ƙasa ta zauna, bango ya tsage. Cikon kirki da ƙasa mai tsabta ake yinsa, hawa-hawa, ana daddaɓewa, kuma ba a fara shi sai an gina magudanar da za ta ɗauki ruwan da ramin yake ɗauka a da. Duk wanda ya san Hauren Wanki da Hauren Shanu shekarun baya, ya san yadda gini ya yi ta cin irin waɗannan wurare. Unguwanni irin su Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, da suka cika da kwano da siminti da kwalta, ruwan da gona take shanyewa a da yanzu kan titi yake bi.

Ku ma'aikata, saura magana ɗaya, a ganina kuwa ita ce mai wuyar. Rami na wane ne? Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisin haƙa nauyin gyara, har da ajiye kuɗi domin haka. Amma wanda ya haƙi kududdufin unguwa ya daɗe a kabari, mai tifar da ya kwashi burji a bayan gari kuma ba shi da adireshi. Saboda haka ina ba da shawara kowace ƙaramar hukuma, a fara da Tarauni, ta ƙidaya ramukanta, a auna faɗinsu da zurfinsu da inda ruwansu yake fita, a sa su a taswira, a rubuta sunan ofishin da zai amsa tambaya a kan kowane ɗaya, mai unguwa yana shaida. Ɗaliban sashen labarin ƙasa na Jami'ar Bayero za su iya wannan awo a rani guda, kafin ruwan farko ya sauka.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.