Keken igiya na Ɗa'ifa da tsohuwar hanyar raƙuma

 

Hirarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta, mai sayar da albasa a kasuwar Malanville, wanda ya dawo daga Umara kwanan baya. Na je yi masa barka da sauka, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, kai da ke magana a rediyo, zo ka ga inda na shiga akwati aka rataye ni a sama." Na duba. Ga shi zaune cikin wani ɗan ɗaki na gilashi, ya damƙe ƙarfen kujera da hannu biyu, ƙarƙashinsa kuwa kwazazzabo ne wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Na ce, "Baba Alhaji, ba ka ji tsoro ba?" Ya ce, "Duk addu'ar da na sani sai da na karanta ta."

Abin da ya hau shi ne keken igiya. Larabawa da masu jin Faransanci duk teleferik suke ce masa. Yana kusa da garin Ɗa'ifa a Saudiyya, tsakanin ƙauyen Kar da ke gindin dutse ta ɓangaren Makka da kuma Hada da ke can bisa. Tsawon igiyar ya kai kimanin kilomita 4. Yadda yake aiki ba wani sihiri ba ne. An kakkafa dogayen turaku na ƙarfe a jikin dutsen, an ɗora musu igiyar ƙarfe mai kauri wadda aka haɗa bakinta biyu, inji kuma yana juya ta daga tasha. Ɗakunan suna maƙale da igiyar, wasu na hawa wasu na sauka. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya san dabarar, sai dai a nan mutum ne a cikin gugan.

To, me ke kai mutane can sama? Sanyi. Makka ba ta fi mita 300 bisa teku ba, Hada kuwa ta kai wajen mita 2,000. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Ke nan tsakanin Makka da Hada akwai bambancin da ya kai digiri 10. Mu da muka san watan Afrilu a nan bakin kogi, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba sai an yi mana bayanin darajar digiri 10 ba. Shi ya sa Ɗa'ifa ta zama wurin hutun bazara na Saudiyya, garin inabi da rumman da zuma da furen wardi da ake yin turare da shi.

A Amurka ma akwai irinsa, a garin Palm Springs na jihar Kalifoniya, garin shaƙatawa da ke tsakiyar hamada. An buɗe nasu a 1963. Yana tashi daga mita 806 ya kai mita 2,596 cikin minti 10 ko makamancin haka, kowane ɗaki na ɗaukar mutum 80. Ka baro rairayi da rana mai ƙuna, ka sauka cikin dogayen itatuwa, wani lokacin har da ƙanƙara a ƙasa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wata magana ce da Baba Alhaji ya yi. Ya ce da tsoro ya ɗan sake shi ya leƙa ƙasa, ban da gwaggon biri da ke yawo kan duwatsu, sai ya hangi wata siririyar hanya da aka shimfiɗa da duwatsu, tana lanƙwasa tana hawa. Ya tambaya, aka ce masa hanyar raƙuma ce ta mutanen da. Ta nan ayari ke sauko da kayan lambun Ɗa'ifa zuwa Makka tun kafin a san mota. Ya ce da ni, "Ɗana, akwatin nan ni kaɗai ya ɗauka. Da na zo da buhu goma na albasa, ko da bijimi ɗaya, ta ƙasa za mu bi."

Maganarsa gaskiya ce, kuma haka abin yake a sauran wuraren. A Palm Springs, tun kafin a kafa turakun ƙarfe, 'yan asalin wurin, ƙabilar Kahuwiya, su ke hawa dutsen da ƙafa idan zafi ya matsa, su sauko idan sanyi ya shigo. Wannan ai tsarin makiyayi ne. A Najeriya kuma akwai tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, mai tsayin sama da mita 1,500. A 1951 wurin kiwon shanu aka kafa a can, domin a irin wannan tsayi ƙudan tsando ba ya damun dabbobi, sammore ba ta samun wuri. Dalilin da ya sa shanu suka cika tsaunin Mambila ke nan. Daga baya Obudu ta koma wurin baƙi masu yawon buɗe ido, aka sa mata keken igiya a 2005. Keken ya sha tsayawa na dogon lokaci saboda rashin gyara, sai a koma wa hanyar ƙasa mai lanƙwasa.

Mu a nan ba mu da dutsen da za a rataya wa igiya. Namu hawan da saukar a kwance yake: da rani garke ya gangara kudu ko bakin kogi neman ciyawa da ruwa, da damina ya koma arewa. Hanyar raƙumanmu ita ce burtali, da mashaya, da mashigin kogi. Kuma kowa ya ga yadda suke ƙuntata. Tun 1998 ƙungiyar CEDEAO ta amince makiyayi ya ƙetare iyaka da takardar shaidar garkensa, amma a ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe gadar Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi layi, jama'a suka koma wa kwalekwale irin na kakanninsu. Ranar da babbar hanya ta tsaya, tsohuwar ce ta ɗauke mu.

Don haka ga roƙona. Manomi ɗan'uwana, idan za ka faɗaɗa gonar shinkafa ko albasa, ka bar burtali inda ka same shi. Makiyayi, idan an kira taron fili a gidan mai gari ko ofishin magajin gari, ka je da kanka, kada ka ji labari bayan an gama rabo. Ka riƙe takardun rigakafin dabbobinka a hannu, ka kuma tsare garke daga amfanin gonar mutane, don kada a sami hujjar toshe hanyar. Su kuma hukumomi, duk lokacin da za a yi sabon aiki, a fara tambayar ta ina saniya da buhu za su wuce.

Wanda Allah ya kai shi Ɗa'ifa, ya hau keken nan ya sha iska, ba laifi. Ya dai tafi da rigar sanyi, kuma idan ya kai tsakiya ya daure ya leƙa ƙasa kamar yadda Baba Alhaji ya yi.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare dukiya, ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.