Garin Riƙe Ruwa A Gonar Auduga

Jawabin da malamin gona ya yi wa manoman auduga a wani taro a ƙasar Funtuwa



Tun bara mutane ke tare ni a kasuwa suna tambayata labarin wani gari da a ke cewa in an zuba shi a gona sai ya riƙe ruwa, shuka ta daina jin fari. Turawa suna kiransa haidirojel. Ga shi na zo da shi cikin wannan kwalba. Ku duba, kamar sukari ya ke. Wannan kuwa da ke cikin ƙwarya, rabin ƙaramin cokali na zuba ɗazu cikin ruwan sama kofi biyu, ga shi ya shanye duka, ya zama kamar kafaffen kunu. Ku miƙa wa na baya su taɓa.

Abin ba tsibbu ba ne, ba kuma sabo ba ne. Tun cikin shekarun 1970 masanan Ma'aikatar Gona ta Amurka, a garin Peoria, suka haɗa wani irinsa daga sitacin masara. Danginsa ne a ke sa wa cikin ƙunzugun jarirai na kanti. Mai kyau daga cikinsa ya kan sha ruwa mai tsabta ninki 300 ko 400 na nauyinsa.

To, in haka ne, don me bai bazu a gonakinmu ba? Na sha jin waɗansu masu zama a ofis suna cewa wai taurin kan manomi ne. Ni ban yarda ba. Bari mu yi lissafi tare, ku yi hukunci da kanku.

A ce mutum ya sayi kilo 10 ya sa a hekta ɗaya, watau eka biyu da rabi. A ce kuma garin ya sha iyakar shansa, kowane kilo lita 400. Ruwan da ya riƙe ke nan lita 4,000, watau duro 20. Da jin duro 20 sai ka ce abu ya yi. Amma auduga in ta kai lokacin fure da ɗaukar 'ya'ya, ranar da a ke rana sosai, abin da ta ke zuƙa da wanda ke tashi daga ƙasa ya kan kai milimita 5 ko fiye. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ashe a wuni guda gonar nan tana bukatar lita 50,000, duro 250. Ku gwama 20 da 250. Ko hantsi ba zai kai ta ba, balle farin kwana goma sha biyar irin wanda ya kan same mu bayan shuka, ko ruwa ya ɗauke da wuri a watan Satumba. Gaskiya ne duk sa'ad da aka yi ruwa ya kan sāke cika, amma ai ranar da babu ruwan mu ke kuka da ita.

Har wa yau, shan da ya yi cikin ƙwaryar nan ba zai yi shi cikin ƙasa ba. A can ƙasa tana danne shi, ba ya samun wurin kumbura. Gishirin da ke cikin ƙasa da na takin zamani kuma suna rage masa ƙarfi ƙwarai. Bari ku gani. Na barbaɗa ɗan taki a kan wannan, ku dakata kaɗan, za ku ga ya saki ruwa ya tsinke.

Sai wani ya ce, to a ƙara yawansa mana. Nan ne aljihu ke magana. Daga ƙasashen waje a ke kawo shi, da dala a ke sayowa, kun kuwa san yadda kayan waje suka yi tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Manomin auduga a watan Yuni ya ke kashe kuɗinsa, bai san farashin da zai tarar a kasuwa ba sai bayan kaka. Ga taki, ga maganin feshi, ga 'yan ƙwadago. Wanda ya ci bashi ya sayi garin nan ya rage feshi, tsutsa ce za ta ci ribarsa.

Akwai kuma wahalar sa shi. Ba a watsa shi kamar taki. Ni kaina na yi wannan kuskure da fari, na watsa a bisa kunya a bayan gidana. Da aka yi ruwa sai wurin ya zama kamar an ɓarar da miyar kuɓewa, yara na ta zamewa, rana kuma ta lalata shi. Dole a binne shi wajen zurfin taƙi guda, inda saiwa za ta same shi. Wa ke da hannun yin wannan rami rami a makon da gero da dawa ke jiran noman fari? In kuwa aikin ya sa ka makara da shukar auduga, abin da ka rasa ya fi abin da ka samu. Ku kuma yi hattara da na ƙunzugu in an ƙulla muku a leda ba suna, shi da sinadarin gishiri aka yi shi, ba ya yi wa ƙasa kirki.

Kada ku ce na kushe shi ɗungum. Yana da wurinsa. Mai renon itatuwa a leda, da mai dasa mangwaro ko darbejiya a jigawa, da mai lambun da ke ɗaukar ruwa da garwa, su kaɗan su ke bukata, a gindi ɗaya ɗaya, kuma ya kan rage musu yawan ban ruwa. Gonar auduga mai faɗi, wadda saiwarta ke nutsawa can ƙasa, ita ce lissafin bai fita ba tukuna.

Manomi ba ya ƙin sabon abu in ya ga amfaninsa. A 1989 waɗansu manoma daga Illela ta jihar Tawa, a Nijar, suka je ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda a ke haƙa ramuka a fako a zuba taki, ruwa ya taru a ciki. Suka komo gida suka gyara tasu tassa. Da maƙwabta suka ga geron da ya fito, ba wanda ya roƙe su, har fakon da dā ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

Mu ma muna da tamu dabarar. Tun wajen 1960 aka gwada toshe kwarin kunya a gonakin auduga a Samaru. Bayan huɗa sai ka tare kwarin da ƙasa, kowane taki biyu ko uku, tarin kada ya kai tsayin kunyar. Ruwan milimita 10 kaɗai in ka hana shi gudu, ka ajiye duro 500 a hekta, ba ka ba kowa kwabo ba. Sai dai in ruwa ya yi yawa a watan Agusta a buɗe, don auduga ba ta son kwanciyar ruwa a gindinta. Takin dabbobi da na juji su ma suna sa ƙasa ta daɗe da laima.

Wanda duk da haka ya ke so ya gwada garin, ban hana shi ba, ina ma so. Amma kada ya sa a gona duka. Ya ware kunya goma ya sa, goma na kusa da su ya bari haka nan, goma kuma ya toshe kwarinsu. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, taki da feshi ɗaya. Ya rubuta abin da ya kashe. Da kaka ya tsinci kowane kashi a buhunsa dabam, ni zan zo da sikeli mu auna a gaban Sarkin Noma.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu. Alhaji na can baya, na ga tun ɗazu kana son magana, bismilla.