Gas Ko Fetur? Amsa Ga Masu A-Kori-Kura Na Birnin Kudu Da Gwaram

 A wannan mako mun ware wasiƙu uku da suka zo mana daga kudancin Jihar Jigawa, domin dukkansu magana ɗaya suke yi, wato shan man motar a-kori-kura mai amfani da gas. Kafin mu shiga, bari mu share wani ruɗani. Idan muka ce gas, man dizal muke nufi, wanda direbobi suka saba kira da gas tun da can. Iskar gas ɗin nan da aka fara juya wasu motoci suna amfani da ita a 'yan shekarun nan, wannan maganarta daban ce.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin hatsi a kasuwar Sara ta Ƙaramar Hukumar Gwaram. Ya ce ya tara kuɗi zai sayi a-kori-kura don kai gero da riɗi Kano, amma abokansa sun raba masa hankali biyu. Wasu sun ce ya sayi mai gas don ba ta shan mai, wasu kuma sun ce kul, gas ya fi fetur tsada. Shi ne yake tambaya, ina gaskiyar take?

To Alhaji, dukkansu sun faɗi gaskiya, sai dai kowa rabinta ya faɗa. Gaskiya ne injin gas ya fi na fetur tattalin mai, kuma akwai dalili. Shi wannan inji, wanda wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya ƙera har ya yi aiki a shekarar 1897, ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai. Iska yake matsewa matuƙar matsewa har ta yi zafi, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Wannan matsa mai tsanani ita ke sa ya fi tatsar ƙarfi daga kowane ɗigon mai. Bugu da ƙari, shi kansa gas ɗin ya fi fetur nauyi, ƙarfin da ke cikin lita ɗaya tasa ya ɗara na fetur da kashi 10 cikin ɗari ko fiye da haka kaɗan. Idan aka haɗa waɗannan biyu, tafiyar da mai gas za ta yi da lita 10, 'yar'uwarta mai fetur sai ta sha wajen lita 13.

Amma su ma masu cewa gas ya fi tsada ba su yi ƙarya ba. Gwamnati ta cire hannunta daga farashin gas shekaru da dama kafin ta cire daga na fetur, shi ya sa aka daɗe fetur yana da araha a ƙasar nan, har yawancin Hilux da tsofaffin Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna suka kasance masu fetur ne. A shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar gas ta tashi daga wajen Naira 300 ta kai wajen Naira 800, alhali fetur bai kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. A wannan shekara duk mai motar gas ya ji a jikinsa. Daga baya, ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, farashinsa ya yi ta hawa har ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma matatar Dangote ta sauke farashin sarin gas zuwa Naira 1,000. Ka ga ke nan tazarar da ke tsakaninsu ta ragu ƙwarai.

Saboda haka Alhaji, tun da farashi kullum juyawa yake, ga ma'aunin da za ka riƙe. Ka je gidan mai ka tambayi kuɗin litar fetur, ka ɗora masa kashi 30 cikin ɗari. Muddin gas bai kai wannan adadi ba, to mai gas ta fi sauƙin mai. Misali, a ce fetur Naira 900 ne, in ka ɗora ya zama Naira 1,170. In gas yana Naira 1,000, mai gas ta ci. Daga Birnin Kudu zuwa Kano kimanin kilomita 130 ne, zuwa da dawowa 260. A wannan misali mai gas za ta sha lita 26, wato Naira 26,000, mai fetur kuma lita 34, wato Naira 30,600. Bambancin Naira 4,600 ne a kowane sawu. Idan kana yin sawu uku a mako, ka lissafa abin da zai taru a shekara.

Sai dai kada ka tsaya nan. Motar gas ta fi tsadar saye, kuma ranar da famfon injekta ko nozul suka lalace, gyaransu ba na kowane bakanike ba ne, sau da yawa sai an dangana da Kano ko Bauchi. Wanda ke doguwar tafiya da kaya mai nauyi a kai a kai, kamar yadda ka ce za ka yi, gas zai biya shi. Wanda kuwa iyakarsa daga gona zuwa gida, ko kasuwar mako sau ɗaya, rarar da zai samu ba lallai ta mayar masa da kuɗin da ya ƙara wajen saye ba.

Wasiƙa ta biyu daga wani direba ce a Babaldu. Ya ce da can motarsa ba ta shan mai haka, amma yanzu ta zama kamar rariya, ga baƙin hayaƙi in ya taka totur.

To Malam direba, wannan baƙin hayaƙi da kake gani a madubi, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Mai ne da bai ƙone ba, ko don iska ta yi wa injin kaɗan, ko don man da ake fesa masa ya yi yawa. Abin da za ka fara dubawa shi ne filtar iska, musamman a lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa, balle ga mai bin hanyoyin burji na ƙauyuka. Ka riƙa ciro ta kana kaɗewa a hankali, in za a busa ta da iska a buso daga ciki zuwa waje, in ta takarda ce kada a wanke ta da ruwa, in ta gaji a sake sabuwa. Kada kuma wani ya ce maka a cire ta gaba ɗaya don mota ta sha iska, domin yashi ne zai shiga ya cinye ringi. Idan filta lafiya lau take amma hayaƙi bai daina ba, sai a kai nozul a gwada su a wajen masu na'urar gwaji. Ka kuma tambaya ko wani ya taɓa juya famfon don wai a ƙara wa mota ƙarfi. Ƙarfin yakan ƙaru kaɗan, amma shan mai ya fi shi ƙaruwa.

Na biyu shi ne irin man da kake sha. Mun san akwai ƙauyukan da babu gidan mai, dole sai wajen 'yan bumburutu. Amma gas ɗin da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata, a hankali sai ya side shi. Wanda ruwa ya shiga kuwa tsatsa yake kawowa. Sababbin injuna masu aiki da kwamfuta sun fi tsofaffi rashin jure wannan, domin da matsanancin ƙarfi suke fesa mai ta 'yan ƙananan ƙofofi. In ya zama dole ka sha na jarka, ka tace da tsaftataccen ƙyalle, ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar mai. Araha dai ba ta ado.

Na uku shi ne ƙafarka. Iskar da mota ke turewa a gabanta ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Tsakanin gudun kilomita 80 da na 110, turjiyar iska ta kusa ninkawa, balle ga wanda ya yi lodi ya tasa shi sama da kan mota. Me kake samu a madadin haka? Daga Birnin Kudu zuwa Kano, mai gudun 80 zai isa cikin kimanin awa ɗaya da minti 38, mai gudun 110 kuma awa ɗaya da minti 11, in har hanya ta ba shi. Rabin awa bai cika ba, ga cunkoson Wudil yana jiran ku duka biyun. Ka riƙa sake giya da wuri, domin ƙarfin injin gas a ƙasa yake, ba sai ka sa shi kuka ba. In ka hango rami ko shingen bincike, ka ɗaga ƙafa tun daga nesa. Amma kada ka saki mota a firi a gangara da kaya a bayanta don tattalin mai. Ran mutum ya fi lita guda.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya, ka sa mai faci ya auna maka da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ka bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka bar gwajin dukan taya da ƙarfe. Birkin da ke kamawa shi ma ɓarawon mai ne, in ka tsaya ka ji wata taya ta fi saura zafi, to a duba. Barin mota tana silo a tasha ana lodi yana iya cin kusan lita guda a awa ba tare da ta motsa ba. In mai tobo ce, minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya ya isa, sai ka kashe. Mai giyar taya huɗu kuma ya ajiye ta don yashi da taɓon damina, in ya hau kwalta ya cire. Haka nan al'adar cire tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin inji, tana sa inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, injin da ke sanyi kuwa ya fi shan mai.

Wasiƙa ta uku ita ce ta fi taɓa mana zuciya. Wata Hajiya ce daga garin Gwaram, ta ce da gadon marayunta ta sayi mota ta ba wani ɗan'uwan mijinta yana ja. Kullum kuɗin mai ƙaruwa yake, abin da ake kawo mata raguwa yake, har zuciyarta ta fara raya mata cewa zuƙe mai ake yi. Tana tsoron ta yi magana zumunci ya ɓaci, tana tsoron ta yi shiru dukiyar yara ta salwanta.

Hajiya, Allah ya raya marayu. Shawararmu ita ce kada ki zargi kowa, kada kuma ki yi shiru. Ki auna. Ki samu ɗanki ko wani amintacce ya bi motar gidan mai, a cika tanki har bakin famfon ya tsaya da kansa, a rubuta lambar da ke kan mitar kilomita. A yi aiki kamar kullum. In an dawo a sake cikawa a wannan famfo, a rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa ta yi. Sai a raba kilomita da lita. In ta yi kilomita 400 ta sha lita 40, to kilomita 10 take yi a lita. In mitar ta mutu, a auna da hanyar da aka san tsawonta. A yi haka sau uku da wakilinki a cikin mota, sannan a ci gaba da rubutawa ba ya ciki. In lissafin ya zo ɗaya, direbanki ya fita, laifin na mota ne ko na farashi, sai a bi abubuwan da muka lissafa wa direban Babaldu, a kuma leƙa ƙarƙashinta da safe ko tana ɗiga. In kuwa ya bambanta da yawa alhali kaya ɗaya ne, hanya ɗaya ce, to littafi ne zai yi magana, ba ke ba. Ki gaya masa tun farko cewa don lafiyar mota da amanar yara ake yi. Direban kirki zai yi murna, domin littafin shi ma kariyarsa ce.

Har ila yau Hajiya, ki tambayi yadda motar ke dawowa. A misalinmu na ɗazu, in an kai buhu 10 Dawanau aka dawo wayam, kowane buhu ya ɗauki Naira 2,600 na mai. In aka dawo da takin zamani ko siminti ko kayan masu kanti, wannan nauyi ya kusa rabuwa biyu. Wannan ita ce hanyar ƙara samu, ba a ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta ba. Irin su Hilux kimanin tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato buhu 10 na kilo 100. Wanda ya ɗora 18 yana ganin ya ci riba, amma sifirin da taya da kuloci za su karɓe ta da ƙari, ban da haɗarin birki ya ƙi ci.

To jama'a, abin da za mu riƙe a yau shi ne, mai mota ya san kilomita nawa motarsa ke yi a lita, ya kuma san Naira nawa mai ke ci a kowane buhu da ya kai kasuwa. Littafin makaranta guda da biro sun ishe shi wannan aiki. Masu motocin da suka gwada wannan awo, muna so su rubuto mana abin da suka samu, da irin motar da hanyar da suke bi, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.