Ƙungiyarku Ce Asibitin Farko: Jawabi ga Ƴan Kasuwa da Iyalan Zangon Wagadugu



Iyayenmu maza da mata, limamai da malamai, shugabannin layukan kasuwa, uwayen adashe, direbobi da matasan Zango, muna gaishe ku, muna kuma gode muku da kuka ba mu aron kunnuwanku. Wanda takardar nan ta iske shi a rumfa ko a tasha, ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Ku ɗauka dare ya raba a cikin watan Agusta, ruwa na zuba, ga yaro ɗan shekara biyu jikinsa ya yi zafi rau, har ya fara jijjiga. Mahaifinsa yana kan hanyar Lome wajen sarin kaya. A wannan sa'a babu ofishin gwamnati da ke buɗe, mu ma ma'aikatan ƙungiyoyin agaji muna gidajenmu. Uwar yaron za ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya, maƙwabciya ta tayar da ɗanta mai babur, a biya ta gidan uwar adashe a karɓi abin da za a riƙe a hannu. Idan waɗannan mutane uku sun san abin yi, yaro zai isa gaban likita kafin asuba. Idan ba su sani ba, sai a ce a bari gari ya waye, kuma sau da yawa a wannan jira ne ake rasa rai. A kan waɗannan mutane uku, da ƙananan ƙungiyoyin da suka haɗa su, muke son mu yi magana yau.

Haɗa kai gadonku ne. Kakanninku fatake da suka riƙa ratsa ƙasar Mosi zuwa Gwanja da Salaga neman goro ba su tafiya ɗai-ɗai. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da malami mai rubutu da addu'a. In an sauka zango, akwai mai gida da ke karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in ya yi rashin lafiya, ya yi masa sutura in kwanansa ya ƙare a baƙon wuri. Daga wannan tsari ne unguwar Zango ta Wagadugu ta samo asali, wadda mutanen gari ke kira Zangwetin.

Dattawan cikinku ba su manta da shekarar 2003 ba. A watan Mayu na shekarar gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Ba a daɗe ba kuma shirin sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA ya rushe Zangwetin tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, aka watsu, wasu suka koma filayen da aka yanka wajen Waga 2000, wasu suka bazu cikin gari. Gidaje sun tafi, rumfuna sun tafi. Amma kun fi mu sanin cewa adashe bai tsaya ba, ba a daina zuwa suna da biki da jana'iza ba, ko da sai an ƙone mai an ratsa birni. Da ruwan sama mai yawa ya mamaye Wagadugu ranar 1 ga Satumba 2009, har ya shiga asibitin Yalgado, hannun farko da ya kai ga wanda gidansa ya faɗi hannun maƙwabci ne. Abin da ya rage na Zango bayan an ɗauke gine-ginensa shi ne waɗannan ƙungiyoyi marasa ofis, marasa hatimi.

Gwamnati tana nata ƙoƙarin. Tun 2016 Burkina Faso ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na mata masu juna biyu a asibitocin gwamnati, har da haihuwa da tiyatar ciro jariri. Wannan haƙƙinku ne, ku neme shi. Sai dai tsarin bai biyan kuɗin babur ko tasi, bai ciyar da mai zaman jinya, bai tsare rumfar da aka rufe kwana biyar, kuma bai shafi magidanci mai hawan jini ko yaro ɗan shekara 8 ba. Wannan giɓin babu mai cike shi sai ku.

An kuma gwada an gani. A jihar Maraɗi, a shekarar 1991, mata suka fara ƙungiyoyin da ake kira Mata Masu Dubara tare da goyon bayan ƙungiyar CARE. Tushensu adashen da kowa ya sani ne, sai aka ƙara masa rance da asusun taimako, kuma daga can tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. A nan gida, a yankin Yatenga, Bernard Ledea Wedrawogo ya ɗauki tsohuwar al'adar gayyar matasa ta Mosi a 1967 ya gina ƙungiyoyin Naam a kanta, suka haƙa rijiyoyi, suka kafa rumbunan tsimi. Dukansu biyu da abin da ke hannun mutane suka fara.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya, ta mata ce ko ta maza, ta masallaci ce ko ta layin kasuwa, ta ɗauki abubuwa huɗu.

Na farko, ku ware asusun lafiya dabam da kuɗin kwasa. Ga misali: mata 30, kowacce ta ƙara dala 20 a kan zubinta na mako, an sami jika 3 ke nan duk mako, a shekara ya haura jika 150. Wannan kuɗi ba na anko ba ne, ba na sarin kaya ba ne. Ku amince tun farko a kan abin da za a fitar da shi dominsa: kai marar lafiya asibiti, sayen maganin da likita ya rubuta, abincin mai zaman jinya. Ku sa shi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, akwatin a gidan na huɗu, a ƙidaya shi a gaban kowa duk ranar zubi. Yin haka ba zargin kowa ba ne. Kariya ce ga uwar adashe ita kanta, domin ƙungiyoyi da yawa rashin lissafi a fili ne ya watsa su.

Na biyu, ku san wa za a tayar da dare. Ku zaɓi masu babur ko mota biyu ko uku da suka yarda a kira su a kowace sa'a, kowane gida ya riƙe lambar wayarsu, asusu ya biya mai. Magidanta kuma, muna roƙonku da girmamawa: kafin ku kama hanyar Yamai, Kumasi ko Lome, ku bar izini a fili cewa in ciwo ya taso a tafi asibiti ba sai an same ku a waya ba. Ga alamun da ba a kwana da su. Ga yaro: jijjiga, ƙin kama nono, amai da duk abin da ya ci, yawan barci har a kasa tayar da shi, ko tafin hannu ya yi fari fat. Ga mai ciki: zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, matsanancin ciwon kai, ko naƙuda da ta wuce awa 12. Zazzaɓi kowane iri ga ƙaramin yaro, a kai shi ɗakin shan magani na unguwa, wato CSPS, a ranar da ya fara.

Na uku, jini. Da damina zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin yara, buƙata takan yi yawa, ma'ajiya ta yi ƙasa. Ba a sarrafa jini a masana'anta, daga jikin mutum kawai yake fitowa. Matasan fada da ke zaman shayi, ga aikin lada a gabanku. Wanda ya kai shekara 18, yana da lafiya, nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, kuma jiki yana mayar da abin da aka ɗiba. Ku sa rana ku tafi tare cibiyar karɓar jini tun kafin a nemi na ɗan'uwanku.

Na huɗu, ku tsare bakin ƙungiya. Maganar da aka faɗa wurin adashe ko bayan sallar Magariba ta fi ta rediyo shiga zuciya, don haka in ta karkace ɓarnarta ta fi yawa. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda, cutar ta tsallaka iyakoki ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Burkina Faso, yara suka nakasa. Da sarakuna da malamai da matan unguwa suka shiga gida-gida suna bayani, al'amarin ya juya, har aka tabbatar a watan Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Kafin ku tura saƙon murya na WhatsApp a kan magani ko allura, ku aika mutum ɗaya ya tambayi ma'aikacin lafiya, ya kawo amsa gaban jama'a.

Ga gaskiya biyu da za ku iya yaɗawa tun yau. Maganin kariya daga zazzaɓin damina da ake rabawa ƙananan yara wata-wata na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko, sauran biyun suna hannun uwa, kuma in ba a cika su ba kariyar ba ta cika. Sai zazzaɓin denge, wanda ya kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan a 2023. Sauronsa da rana yake cizo, yana hayayyafa a ruwan da ya kwanta cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da randunan da ba a rufe ba. Wanda ake zaton ya kamu kada ya sha aspirin, ibuprofen ko diclofenac daga teburin mai talla, domin suna iya jawo zubar jini. Ya je a gwada shi. Layin kasuwa da zai ware safiya ɗaya a mako ya kifar da duk abin da ke tara ruwa ya yi wa kansa rigakafi.

Ku matafiya, ku riƙe katin rigakafin yara tare da takardun tafiya. Mai shan maganin tarin fuka na wata 6, ko na hawan jini, ko na ciwon suga, ya ɗauki wanda zai ishe shi har ya dawo, domin yankewa a hanya tana mayar da aiki baya. Kusan duk birnin da kuke sauka akwai zango, akwai ƴan'uwa. Shugabannin ƙungiyoyi su yi musayar lambobi, yadda wanda ya kwanta ciwo a Kumasi zai sami mai tsaya masa kamar yana gida.

Kada kuma ƙofar ƙungiya ta yi ƙunci. A cikin birnin nan akwai iyalai da rashin tsaro ya raba da garuruwansu, ba su da kowa. Akwai bazawara da ba ta da abin zubi, akwai maƙwabci Bafulatani, Bazabarme, Bayerabe ko ɗan Mosi, Musulmi ko Kirista. Sauron da ya ciji ɗansu shi ne zai tsallako katangarku. Zango da karɓar baƙo aka kafa shi.

Mu namu shi ne mu zo mu yi bayani, mu horar da mutum biyu daga kowace ƙungiya a kan alamun haɗari, mu haɗa ku da ma'aikatan lafiya na unguwarku. Kuɗin naku ne, makullan naku ne, shawara taku ce. A zamanku na wannan mako, kafin a kwashe zubi, wani ya miƙe ya tambaya: in ciwo ya taso a gidan ɗayanmu yau da dare, ƙofar wa za a buga?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.